Rage ƙiba ba tare da ta dawo ba: yadda za ka haɗa likita da masanin abinci a aiki ɗaya

Da wuya ka sami mai ƙiba da bai taɓa ramewa ba. In ka tambaye shi zai lissafa maka: shekarar da ya daina cin abincin dare ya zubar da kilo takwas, lokacin da ya kama gudun safe ya zubar da biyar. Ka tambaye shi ina kilon suke yanzu, sai ya sunkuyar da kai, domin sun dawo har da ƙari. Daga nan ya ɗora wa kansa laifi, ya ce shi ne ba shi da juriya, na kusa da shi kuma su taya shi da cewa kwaɗayi ne.

Wannan hukuncin yana min ciwo, saboda akwai bayanin da ba a taɓa yi masa ba. A 2011 masu bincike a birnin Melbon na Ostireliya sun fitar da sakamakon wani aiki da suka fara da mutum 50, waɗanda aka ɗora a kan abinci kaɗan ƙwarai na mako 10. Shekara guda bayan sun rame, sinadarin girelin mai tayar da yunwa yana nan sama da yadda yake kafin a fara, shi kuma leftin, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a jiki, yana ƙasa. Wani lissafi da aka yi a Amurka a 2016 ya nuna cewa kowane kilo da mutum ya zubar yana ƙara masa sha'awar ci da kimanin kalori 100 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), abin da jikinsa ke ƙonawa kuma ya ragu da 20 zuwa 30. Wanda ya zubar da kilo goma yana fama da yunwar da maƙwabcinsa mai nauyi ɗaya da shi bai san da ita ba.

Abin da jiki ke ja da shi haka, hannu ɗaya ba ya ɗaukarsa. Likita ya san jininka da magungunanka, amma ba ya nan lokacin da kake zuba abinci. Masanin abinci ya san kwanonka da yadda yininka ke tafiya, amma ba shi da ikon taɓa maganin da kake sha. Inda aka fi samun matsala shi ne kowa ya yi nasa aikin bai san na ɗan'uwansa ba. Wannan jagorar a kan haɗa su take.

## Mataki na ɗaya: auna, ka rubuta, kada ka canza komai tukuna

Nemi littafi guda, na takarda ko a waya, wanda ba za a rubuta komai a cikinsa ba sai wannan sha'ani. Shi zai riƙa kai saƙo tsakanin likita da masanin abinci.

Shafin farko na awo ne. Hau sikeli da safe bayan ka yi fitsari, kafin ka ci komai, da kaya marasa nauyi. Auna tsawonka babu takalmi. Daga nan ake fitar da ma'aunin BMI: a raba nauyi a kilo da tsawo a mita, a sake raba abin da ya fito da tsawon. Mai kilo 92 da tsawon mita 1.65 zai sami kusan 33.8. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma an shiga ƙibar da ake ɗauka matsalar lafiya. Sai dai BMI bai san bambancin tsoka da kitse ba, bai kuma san inda kitsen ya taru ba, alhali wanda ya kewaye hanji da hanta shi ne mai ɓarna. Don haka ɗauko tef irin na tela, ka zagaya shi a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu. Saki numfashi, kada ka shanye cikinka, sannan ka karanta. Ana so awon ya gaza rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 165, nasa kada ya wuce 82.

Sai aikin kwana bakwai. Ci yadda ka saba, amma rubuta duk abin da ya shiga bakinka: lokacin, abin, yawansa, da ko yunwa ce ta sa ka ci ko gajiya ko ɓacin rai. Har ɗanɗanon da ake yi a bakin tukunya, har ragowar da yara suka bari a kwano aka ƙarasa don kada a zubar, har abin sha. A rubuta a take, domin abin da aka bari sai dare rabinsa ake tunawa. Kada ka gyara cinka don littafin ya yi kyau. Wanda zai karanta shi gaskiyar yininka yake nema.

## Mataki na biyu: likita tukuna

Mutane da yawa suna fara rage abinci, sai jiri ya ɗebe su sannan su nemi asibiti. Juya tsarin. Ranar da za ka je, zuba duk abin da kake sha a leda ɗaya ka tafi da shi: na asibiti, na kemis, na ganye, na ƙarin jini, na tsarin iyali, na barci. Juye su a kan teburin likita. Zan rubuta sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali don ka gane su: prednisolone da dexamethasone, insulin, glibenclamide, pioglitazone, olanzapine, sodium valproate, amitriptyline, mirtazapine, cyproheptadine, duk an san suna ƙara nauyi. Kada ka daina ko ɗaya da kanka. Barin irin su prednisolone farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana da hatsari, haka ma maganin farfaɗiya da na ƙwaƙwalwa. Abin da za ka ce kawai shi ne: "Likita, a cikin waɗannan akwai mai ƙara min nauyi? In akwai, yana da madadi?" Sau da yawa akwai.

Gwaje-gwajen da aka saba yi su ne awon jini, sukari, kitsen jini, aikin hanta da na ƙoda. Gwajin HbA1c yana nuna matsakaicin sukarin jini na kimanin wata uku: daga kashi 6.5 cikin ɗari ciwon sukari ne, tsakanin 5.7 da 6.4 kuma mutum yana bakin ƙofa. In kana yawan jin sanyi da kasala da bushewar fata, faɗa, a duba ƙwayar tayiroid da ke wuya. Mace mai al'adar da ba ta zuwa daidai, da gashi a haɓa, ko jinkirin samun ciki, ta faɗa, don akwai lalurar ƙwan mahaifa da ke tafiya tare da ƙiba. In abokin kwananka ya ce kana munshari har numfashinka ya ɗauke ka zabura, kuma kana gyangyaɗi da rana, wannan ma magana ce ta likita, domin shaƙewar numfashi a barci tana tayar da hawan jini tana kuma ƙara yunwa.

Abu biyu ba sa jira. Nauyin da ya ƙaru cikin 'yan kwanaki tare da kumburin ƙafa ko haki, ruwa ne mai yiwuwa, kuma yana iya zama daga zuciya ko ƙoda ko hanta. Ramar da ta zo ba a neme ta ba ita ma ba abin murna ba ce sai an bincika. Mai juna biyu ba ta shiga shirin rage nauyi, mai shayarwa da yaron da bai gama girma ba kuma nasu tsarin daban ne. Wanda kuma yake cin abinci mai yawa a ɓoye har ya rasa yadda zai tsaya, ko yake ƙaƙalo amai bayan ya ci, ya daure ya faɗa wa likita. Ciwo ne mai magani, kuma matse abinci ƙara rura shi yake.

Kafin ka tashi, roƙi likita ya rubuta maka abu uku a littafin: sakamakon gwaje-gwajen, magungunan da za su buƙaci gyara in ka fara ramewa, da abin da bai yarda masanin abinci ya ɗora ka a kai ba.

## Mataki na uku: a tsayar da buri mai kamawa

Mai kilo 92 yakan shigo da burin komawa 65. Buri na farko da likitoci ke sawa shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi a wata shida, kuma ba don rarrashi suke faɗar haka ba. A wani babban bincike na rigakafin ciwon sukari da aka fitar a Amurka a 2002, an raba mutum 3,234 da sukarinsu ya fara hawa gida uku. An sa wa wani rukuni burin zubar da kashi 7 da motsa jiki na minti 150 a mako, aka haɗa kowa da mai horarwa da zai zauna da shi sau 16 a mako 24 na farko. Cikin kusan shekara uku, kamuwa da ciwon sukari ya ragu a cikinsu da kashi 58, waɗanda aka ba maganin sukari na metformin kuma ya ragu da kashi 31, in aka kwatanta da rukuni na uku da ba a ba ko ɗaya daga cikin biyun ba. Kashi 7 na kilo 92 bai kai kilo shida da rabi ba. Wataƙila ma ba kowa zai lura a fuskarka ba, amma jininka zai nuna.

Saurin da ake so shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Rubuta burin da lamba da wata, ka kuma rubuta wani wanda ba na sikeli ba: awon ƙugu, sukari, ko hawa bene ba tare da ka tsaya hutawa ba.

## Mataki na huɗu: zaɓen masanin abinci da abin da za ku yi tare

Kowa yana iya kiran kansa mai koyar da rage ƙiba a intanet. Nemi wanda ya karanci fannin abinci mai gina jiki, yake da rajista da hukumar da ke kula da sana'ar a inda kake. Asibitoci da yawa suna da sashen. Za ka gane na kirki tun a zaman farko. Zai nemi ganin sakamakon gwajinka da jerin magungunanka kafin ya ce uffan game da abinci. Zai tambayi wa ke girki, ƙarfe nawa kake tashi daga aiki, me ƙarfin aljihunka zai ɗauka. Wanda ya miƙo maka takardar da yake ba kowa, ko ya yi alƙawarin kilo goma a wata, ko ya ce ka ajiye maganin likita, ko ya ƙare kowace magana da tallar shayi da garin da yake sayarwa, tashi ka bar shi.

Kada ka ɓata lokaci a gardamar wane tsari ya fi. A 2018 jami'ar Stanford ta fitar da sakamakon mutum 609 da aka bi shekara guda, rabi sun rage maiƙo, rabi sun rage sitaci. Na farko sun zubar da kimanin kilo 5.3, na biyu kilo 6, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Tsarin da za ka iya zama a kansa shi ne naka. Abin da ya fi tasiri shi ne yawan haɗuwa: ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Amurka suka fitar a 2013 ta ba da shawarar zama 14 ko fiye a wata shida na farko. Ko ta waya ce, ko a cikin rukuni, a dai riƙa haɗuwa.

A zaman farko ku buɗe shafukan kwana bakwai ɗin nan, ku nemi inda za a cire kimanin kalori 500 a rana ba tare da ka kwana da yunwa ba. Yawanci wuri uku ake fara dubawa. Abin sha mai zaƙi: gwangwani ɗaya na lemon kwalba yana ɗauke da sukari kusan giram 35, wajen kalori 140, kuma ba ya ƙosarwa ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 na kalorin da mutum ke ci, kimanin giram 50 ke nan a yini ga babba. Sai man girki: cokalin cin abinci ɗaya kalori 120 ne, kuma mai tuttulawa daga galan bai san cokali nawa ya zuba ba. A koma aunawa da cokali. Na uku shi ne kayan leda da na kwali da aka sarrafa a masana'anta. A 2019 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta ajiye mutum 20 wata guda, mako biyu ana ba su irin wannan abincin, mako biyu ana ba su wanda aka dafa daga ɗanyen kaya, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana.

Shi kuwa kwano, rabinsa ganye da kayan lambu, kashi ɗaya bisa huɗu mai furotin kamar wake, ƙwai, kifi ko nama marar kitse, ragowar kuma mai sitaci, zai fi kyau hatsin da ba a cire masa dusa ba. Furotin da harza, wato zare-zaren da ke cikin ganye da dusar hatsi, su ne ke riƙe ciki, furotin ɗin kuma yana kare tsoka, domin kusan kashi ɗaya bisa huɗu na abin da mai ramewa ke zubarwa ba kitse ba ne. Canji biyu ko uku a lokaci guda sun isa. In sun zauna, a ƙara.

## Mataki na biyar: inda aikin mutum biyun ke haɗuwa

Nan ne nake so ka fi nutsuwa, don nan ne ake jin ciwo.

Ɗauki misalin mace mai ciwon sukari da ke shan glibenclamide kowace safiya. Ta ga masanin abinci ranar Litinin, ta rage sitacin karin kumallo da rabi, ta daina zuba sukari a shayi. Ta yi duk abin da aka ce. Ranar Alhamis wajen ƙarfe sha ɗaya tana tsaye a wurin aiki, sai hannunta ya kama rawa, zufa mai sanyi ta keto mata, ganinta ya fara dishi-dishi. Sukarinta ne ya faɗi, saboda maganin yana nan yana aiki da ƙarfin da aka auna wa tsohon cinta. In ba ta san dalili ba, za ta ce tsarin abincin ne bai karɓe ta ba, ta koma gidan jiya. Da likita ya san ranar da za ta fara, da ya rage maganin tun kafin nan.

Saboda haka duk mai shan insulin ko dangin glibenclamide ya sanar da likita ranar da zai fara, ya kuma riƙa auna sukarinsa akai-akai a makonnin farko. In awo ya sauka ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, a sha sukari cokalin cin abinci ɗaya a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15, a kira likita a ranar. Masu maganin hawan jini su ma jininsu yakan sauka in nauyi da gishiri sun ragu. Alamar ita ce jiri in an miƙe tsaye. Rubuta awon jininka sau biyu ko uku a mako, likita ya gani ya yanke shawara.

Akwai wasu mahaɗun da ba kowa ke tunawa da su ba. Mai ciwon ƙoda ba a ƙara masa furotin sai da izinin likita. Mai shan warfarin don tsinka jini, in ya ninka ganyen da yake ci dare ɗaya, bitamin K da ke cikin ganyen zai rage wa maganin ƙarfi. Ba hana shi ganye za a yi ba, yawan ne ake so ya daidaita, a kuma ƙara yawan gwaji. Mai shan maganin sukari na empagliflozin ko dapagliflozin, yanke sitaci gabaɗaya yana iya jefa jininsa cikin tsami mai hatsari ko da awon sukari bai hau ba. Mai shan levothyroxine, maganin tayiroid, ya raba shi da ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi da awa huɗu. Ramewa da gudu kuma, fiye da kilo ɗaya da rabi a mako, tana jawo tsakuwa a matsarmama.

In an haɗa hannu kuwa, abin da ake samu yana da girma. A wani bincike da aka yi a Sikotilan da arewa maso gabashin Ingila, wanda aka fitar a ƙarshen 2017, an ɗora masu ciwon sukari da ba su wuce shekara shida da kamuwa ba a kan abincin ruwa na kalori 850 ko ƙasa kaɗan a rana na wata uku zuwa biyar, sannan aka dawo musu da abinci sannu a hankali. Ma'aikatan lafiya ne suka dakatar da magungunan sukari da na hawan jini tun ranar farko, suna sa ido. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin ɗari sukarinsu ya koma ƙasa da mizanin ciwon babu magani; cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86. Irin wannan ba a gwada shi a gida kai kaɗai. Na kawo shi ne don ka ga abin da ke yiwuwa in mai kula da magani da mai kula da kwano suna magana da juna.

Idan ba a asibiti ɗaya suke ba, kai ne ɗan aiken. Duk wanda ka gani a cikinsu, ya rubuta layi biyu a littafin: abin da ya canza yau, da abin da yake so ɗayan ya sani.

## Mataki na shida: in abinci da motsa jiki ba su wadatar ba

Bayan wata uku zuwa shida na ƙoƙari na gaskiya, in ba a kai kashi 5 ba, ko kuma tun farko ƙibar ta zo da ciwo, a yi maganar magani. Babu abin kunya a ciki. Yawanci ana ba wanda BMI ɗinsa ya kai 30, ko 27 in akwai ciwon sukari ko hawan jini.

Orlistat yana hana hanji tsotse kusan kashi ɗaya bisa uku na maiƙon da aka ci, shi ya sa wanda ya sha ya ci soye-soye yake ganin mai a bayan gidansa. Alluran mako-mako su ne suka sauya lamarin. Semaglutide, wanda ake sayarwa da sunan Wegovy don ƙiba da Ozempic don ciwon sukari, yana kwaikwayon sinadarin hanji mai sanar da ƙoshi. A gwajin mutum 1,961 da aka fitar a 2021, masu allurar sun zubar da kusan kashi 15 a mako 68, marasa ita kashi 2.4, kuma dukkansu suna samun shawarar abinci da motsa jiki. Tirzepatide, wata allurar mako-mako, a gwajin 2022 ya kai kusan kashi 21 a mako 72. Amma da aka bi wasu daga cikin masu semaglutide shekara guda bayan sun daina, kashi biyu bisa uku na abin da suka zubar ya dawo. Tambayi likita tun farko: har yaushe zan sha, zan iya ɗaukar nauyin sayensa tsawon lokacin, kuma me za mu yi ranar da zan daina?

Mai allura ya fi kowa buƙatar masanin abinci. Cinsa ya ragu sosai, to ɗan abin da zai ci dole ya ƙunshi furotin da ruwa da harza, in ba haka ba tsoka ta zube, bayan gida ya yi tauri. Tashin zuciya yana sauƙi in an ci kaɗan-kaɗan aka guji maiƙo. Ciwon ciki mai tsanani da ya ƙi lafawa, musamman mai sokawa har baya, a tafi asibiti a take. Mai ciki ba ta amfani da su, mai neman ciki kuma takan daina semaglutide wata biyu kafin nan.

Kada ka sayi allurar nan a hannun wanda bai nemi takardar likita ba. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka gano a Birazil da Birtaniya da Amurka. Shayin rage tumbi kuwa, mafi yawansa zawo da fitsari yake sawa, ruwa ya fita kitse yana nan, wasu ma an sha kama su da sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Tiyatar rage tumbin ciki ita ce mafi ƙarfi, takan zubar da kashi 25 zuwa 30. Tsohuwar ƙa'ida ta 1991 ta ce BMI 40, ko 35 tare da ciwo. A 2022 ƙungiyoyin likitocin tiyatar suka sauko da ita zuwa 35, ko 30 tare da ciwon sukari. Wanda aka yi wa zai sha bitamin ya riƙa gwajin jini har ƙarshen rayuwarsa.

## Mataki na bakwai: ƙafa da barci

Motsa jiki shi kaɗai ba ya zubar da nauyi mai yawa, amma shi ke tsare abin da aka samu. Minti 150 zuwa 300 a mako na tafiya mai sauri, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka, ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020. Fara da minti goma in iyakar ƙarfinka ke nan. Mai ciwon zuciya ko gwiwa ya tambayi likita irin wanda ya dace da shi. Barci kuma kada ya gaza awa bakwai. Wanda bai ƙoshi da barci ba yakan wuni yana neman zaƙi.

## Mataki na takwas: lokacin da sikeli ya tsaya, da abin da ke bayansa

Makon farko nauyi yakan sauka da sauri, saboda kowane giram na sitacin da jiki ya ajiye a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa kusan giram uku, suna fita tare. Kada ka ɗauki wannan saurin a matsayin mizani. Sikeli kuma yana hawa da sauka da kilo ɗaya ko biyu saboda gishiri, al'adar mata ko bayan gida, don haka matsakaicin mako ake dubawa.

Wajen wata na shida, mafi yawan mutane sukan ga lambar ta cije. Kada ka ƙara matse kanka a makance. Koma rubutun kwana bakwai, da cokali da kofin awo a hannu, domin loma takan ƙara girma ba a sani ba. Masanin abinci ya sake lissafi da sabon nauyinka, tun da ƙaramin jiki kaɗan yake ƙonawa. Likita ya maimaita gwaje-gwajen farko, ku ajiye tsohon sakamako kusa da sabo. Wani lokaci shawarar da ta fi ita ce a tsaya nan wata uku ana riƙewa kafin a sake yunƙuri.

Riƙewar ita ce aikin da ba a cika shirya masa ba. A Amurka akwai rajistar da Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994, ta mutanen da suka zubar da aƙalla kilo 13.6 suka riƙe shekara guda ko fiye. Kashi uku bisa huɗu nasu suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, mafi yawansu kuma suna motsa jiki kusan awa guda a rana. Ba su sallami kansu ba bayan sun rame.

Kai ma kada ka sallami mutanenka biyu. Haɗuwa da masanin abinci ta koma wata-wata har shekara guda aƙalla, likita kuma duk wata uku zuwa shida gwargwadon ciwon da kake da shi. Ku zauna ku lissafa lokutan da kuka san tsari zai karye, tafiya, jinya, biki, sauyin aiki, haihuwa, ku rubuta abin da za a yi a kowanne. Sannan ku ja layi ɗaya a littafin: kilo biyu sama da nauyin da ka tsaya a kai. Ranar da matsakaicin makonka ya haye layin nan mako biyu a jere, ɗauki waya ka kira masanin abincin a ranar, ka sake buɗe shafin kwana bakwai, ka kuma duba ledar magungunanka ko an ƙara maka wani sabo tun ganinka da likita na ƙarshe.